In An Buɗe Inji: Wane Ƙarfe Za A Mayar, Wane Za A Jefar?

   

Yau maganar inji za mu yi, kuma wani mai sauraro ne ya jawo ta. Ya ce yana da babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake ratsa rairayi da shi. Na hannu ya saya, da shi yake kai ruwa da dusa wajen shanu. Kwanan nan ya fara hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, ga shan baƙin mai. Ya kai gareji an buɗe injin, bakanike ya lissafo masa kayan da za a sauya, ya duba ya ga sai ya sayar da tumaki biyu kafin ya biya. Shi ne yake tambaya: dole ne sai an sauya duka, ko akwai waɗanda za a wanke a mayar?

Na san ba kowa ke da mai ƙafa huɗu ba. Amma kada mai babur ko mai keken ɗaukar kaya ya ce wannan magana ba tasa ba ce. Yawancin injinan nan 'yan gida ɗaya ne: silinda ɗaya, fistin ɗaya, bawul biyu. Da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa a ƙasar Sin ma tsatsonsu ɗaya, wato injin CG125 da kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1975. Kafin su ƙera shi sai da suka tura mutanensu wasu ƙasashen Asiya, suka ga yadda ake lafta wa babur kaya, ana barin baƙin mai a ciki har ya yi kauri, sai suka yi inji mai jure wahala. Shi aka yi ta kwaikwayo, ana ƙara masa girma zuwa 150, 200, 250, ana ɗora shi a babur, a keke mai ƙafa uku, a mai ƙafa huɗu. Don haka abin ya shafe mu duka.

Ni dai ba bakanike ba ne, aikina magana a rediyo. Amma na zauna da masu sana'ar kafin in shigo, kuma akwai abin da na gani da idona a gidanmu. Da shi zan fara.

Ina yaro, kawuna yana sayen awaki da raguna a kasuwannin ƙauye yana kaiwa babbar kasuwa. Ana saura 'yan makonni babbar sallah ya ce bari ya gyara injin babur ɗinsa tun kafin hidima ta taso. Bai yi ƙyashi ba, ya sayi sabon bulo, sabon fistin, sabon ringi. Ni aka ba kwanon notuna na riƙe. To akwai wata 'yar waya mai kama da zoben da ba a haɗe bakinsa ba, guda biyu ce, ana maƙala su dama da hagu su tare fin ɗin da ke haɗa fistin da sandarsa. Kilif ake ce mata. Wajen sakawa sai ɗaya daga cikin sababbin ta yi tsalle ta faɗa cikin ƙasa. Aka nema aka rasa, ga magariba ta kawo kai. Sai aka ɗauko tsohuwar, aka ɗan buɗa ta da filaya, aka danna. Kowa ya ce ai ba komai.

Ba a yi sati biyu ba, yana tsakiyar daji da raguna biyu a ɗaure, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cik. Tsohuwar wayar nan ta fita daga gurbinta, fin ya zame ya riƙa gurzar jikin silinda har ya yi masa kwari kamar an ja garma. Sabon bulo ya tashi aiki, fistin ya tashi aiki, gutsattsarin ƙarfe ya zuba cikin inji. Kasuwar wannan makon ta wuce shi, ya biya mai amalanke, ya sake sayen kaya, ya sake biyan kuɗin aiki. Abin da ya jawo duk wannan kuwa, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba.

Ku makiyaya kun fi ni sanin wannan karatu. Ba wanda zai sayi sabon guga ya ɗaura masa ruɓaɓɓiyar igiya ya zura a rijiya mai gaba ashirin.

Tambayoyi uku kafin a mayar da kowane ƙarfe

Ta farko: an auna shi, ko kallonsa kawai aka yi? In za ka sayi sa a kara, ai ba ƙyallin gashi kake bi ba, baki kake buɗewa ka duba haƙora. Haka ƙarfen inji. In aka wanke shi da fetur kowanne zai yi sheƙi kamar sabo. Amma tazarar da ake lissafi da ita a cikin inji ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Tsakanin fistin da jikin silinda, in tazara ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, an zo iyaka. Ido ba ya ganin wannan. Ka kuma tuna, in inji na juyi 6,000 a minti ɗaya, fistin na hawa da sauka sau 100 a kowace daƙiƙa. Ɗan motsin da ka raina da hannu, a wannan gudun ya zama dukan guduma.

Ta biyu: in ƙarfen nan ya mutu, shi kaɗai zai mutu ko zai tafi da wasu? Filogi, wanda a nan gefenmu muke cewa buji, in ya mutu inji ya tsaya ne kawai, ka ciro wani daga aljihu ka ɗaura a bakin hanya. Amma boris ɗin karanshaf in ya watse, ko bawul ya karye ya faɗa kan fistin, ba ya tafiya shi kaɗai. Sannan akwai bambanci tsakanin abin da ke waje da abin da ke can ƙurya. Na waje, gobe ma za a iya sauyawa. Na ƙurya, sai an sake sauke inji, an sake raba shi biyu, ka sake biyan aiki da gasket da baƙin mai.

Ta uku: ina za ka kasance ranar da zai mutu? Ɗan kabu-kabu a cikin garin Maraɗi, ko ɗan acaɓa a Katsina, in injinsa ya tsaya zai tura ya isa gareji kafin ya yi gumi sosai. Amma wanda ya bi dabbobi arewa da Dakoro ko Tanut da damina, tsakaninsa da mai gyara yini guda ne ko fiye. Wataƙila ruwa ya ɗauko, wataƙila mara lafiya ne a bayansa, ko mai naƙuda. Ƙarfen da na cikin gari zai iya lallaɓawa na wata uku, na daji bai kamata ya yarda a mayar masa ba.

To da waɗannan tambayoyi a ka, ka ce a shimfiɗa buhu uku a ƙasa, a kasa kayan injin kashi uku.

Buhu na farko: waɗanda ba a mayarwa

Nan za a zuba duk gasket, musamman wanda ke tsakanin bulo da kan silinda. Shi sau ɗaya ake matse shi ya kwanta daidai da ƙarfen. In an cire an mayar ba ya sake kwanciya, sai iska ta riƙa zurarewa ko mai ya riƙa tsatsa. Nan za a zuba duk sil na roba, har da ƙananan da ke kan sandar bawul, domin zafi ya riga ya busar da su, sun yi tauri. Nan za a zuba kilif na fistin, kun ji labarinsa. Haka fin mai tsaga da washa da ake lanƙwasawa don ta riƙe noti, ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya raunana.

Ringi ma nan ne gidansa. Sai dai in kwanan nan aka sa shi, kuma wani dalili daban ya sa aka buɗe injin, to a auna. Awon ba wuya. A cire ringi daga fistin, a zura shi cikin silinda, a tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, sannan a auna tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu da 'yan siraran ƙarafan nan na awo, fila geji. A irin waɗannan injina sabon ringi yakan bar tazara tsakanin 0.15 da 0.35 na milimita. In ta haura rabin milimita ya gaji.

Duk abin da ke wannan buhu, in ka haɗa kuɗinsa shi ne mafi araha a lissafin, kuma shi ne aka fi yawan cewa a bari. Kada ka yi rowa a nan.

Wani abu kuma: yanka kwali a yi gasket da shi dabara ce ta wanda ya maƙale a daji, a murfin gefe kawai, don ya isa gari. Ba a yi a kan silinda. Gam ɗin da ake shafawa kuma, in ya yi yawa yakan matso ciki ya gutsure ya toshe 'yar hanyar da mai ke bi zuwa sama. Inji yana da mai a cikinsa amma samansa na ƙonewa.

Buhu na biyu: waɗanda sai an gwada

Nan aikin yake, nan ake gane bakanike.

Silinda. Ka zura yatsa ka ja farce a jikinsa. In farce yana maƙalewa a wani zane, ko ka ji tudu a can sama inda ringi ke tsayawa ya juyo, ya ci. Akwai wata dabara kuma: a zura sabon ringi a auna tazararsa a sama, a tura shi ƙasa a sake aunawa. In ta sama ta fi ta ƙasa sosai, silindar ta buɗe daga sama kamar mazurari. Irin wannan ko ka sa sabon ringi hayaƙi ba zai daina ba. Mafita biyu ce: ko a kai wa masu borin su ƙara faɗin ramin a sa fistin mai girma, wanda ake samu a matakai na 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00, ko a sayi bulo da fistin da ringi a haɗe. In kuwa jikin yana da santsi, ba kwari, awo ya yi daidai, a ɗan goge shi a sa sabon ringi, ka tsira da kuɗinka.

Fistin. Baƙin da ke kansa ba komai ba ne, ana kankarewa. Abin dubawa shi ne gefensa, ko akwai gurzuwa kamar an ja shi a ƙasa, da gurbin da ringi ke zama, ko ya buɗe har ringi na rawa sama da ƙasa, da ramin fin, ko fin na girgiza a ciki. In ka ga tsaga komai ƙanƙantarta, ba sauran magana.

Karanshaf da sandar fistin. Wannan shi ne mai tsada, kuma gwajinsa kowa zai iya yi da hannunsa. Ka kama sandar, ka ja sama ka danna ƙasa, a miƙe. Bai kamata ka ji motsi ko kaɗan ba. In ta ɗan matsa dama da hagu wannan haka aka yi ta. Amma in ka ji ƙwas-ƙwas sama da ƙasa, ko ka ga ƙarfen gindinta ya sauya launi ya yi shuɗi don zafi, ta gama aiki. Ɗora sabon fistin a kan irin wannan sanda shi ne sabon guga a tsohuwar igiya.

Boris, ko rulma kamar yadda wasunmu ke cewa. A wanke shi tas, a ɗiga masa mai kaɗan, a juya a hankali da yatsa. Mai lafiya yana juyawa sumul. In ka ji kamar da tsakuwa a ciki, ko yana tsayawa yana wucewa, a jefar.

Bawul. A kwantar da kan silinda, a zuba fetur ta ramin shigar iska da ta ramin salansa, a duba ko yana tsatsowa ta bakin bawul. In tsatsa kaɗan ce, a goga shi da man gugar bawul ya zauna. In bakinsa ya ƙone, ko ya sirance kamar wuƙa, a sauya. Sandarsa kuma a mirgina ta a kan gilashi, lanƙwasasshiya ba ta ɓoyuwa. Sifirin ɗinsa a jera shi da sabo, in ya gajarce ya saki.

Masu inji mai sarkar taimin, irin su Boxer na kamfanin Bajaj, ku duba sarkar da robar da ke matse ta. Sarkar da ta miƙe tana iya tsallake haƙori, bawul ya haɗu da fistin. Tunda an riga an buɗe, sauya ta ya fi. Masu injin CG ba ku da sarka, sanduna biyu ne ke tura bawul, su ma a mirgina su a gilashi.

Faifan kuloci, in sun sirance ko suna warin ƙuna a sauya. Amma su a gefe suke, ana isa gare su ba tare da an sauke inji ba, don haka in kuɗi ya gaza suna cikin waɗanda za su iya jira. Famfon mai kuwa kada a manta da shi, don duk sabon ƙarfen da ka saya da shi zai rayu.

Sai wata ƙa'ida da ta ratsa duk wannan buhu. Ƙarafan da suka ci juna tare ake sauya su. Fistin da ringi da silinda abokan tafiya ne. Haka sarka da haƙoranta. In ka haɗa sabo da tsohon da ya riga ya ci, tsohon ne zai cinye sabon cikin ɗan lokaci. Kamar ka haɗa ɗan maraƙi da tsohon sa a garma ɗaya ne, ba wanda zai ja daidai.

Buhu na uku: waɗanda za a wanke a mayar

Kwanson inji, murafai, giya in haƙoranta ba su gutsure ba, kan silinda in bai tsage ko ya karkace ba, notunan da zarensu ke da kyau. Waɗannan suna iya kai shekaru. Sharaɗi ɗaya: kowane ya koma gurbin da aka ciro shi, ta fuskar da yake. Washa ɗaya in ta sauya wuri a cikin giya za ta ba ka wahala. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai hoto, a riƙa ɗauka ana kwancewa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa ina nufin sabo kullum ya fi tsoho. Kasuwa cike take da kaya iri-iri, daga na Nnewi har na Ƙofar Ruwa a Kano har 'yan tebur na kasuwannin iyaka. Akwai na ƙwarai, akwai jabu mai kwali mai kyau. Tsohon ƙarfen da ya zo da injin daga kamfani, in an auna bai wuce iyaka ba, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Don haka in ka je sayayya, tafi da tsohon a hannunka. Ka jera su, ka duba tsawo, ka duba lambar da ke jiki, ka auna nauyi a tafin hannu. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, ka san araha ba ta ado. Kayan hannu kuma, wato waɗanda aka ciro daga wani injin, duk gwajin buhu na biyu ya hau kansu kafin ka biya, ba bayan ka kai gida ba.

A nemo abin da ya kashe injin

Jama'a, wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Inji ba ya cin kansa haka kawai. A ƙasarmu babban mai kashe shi ƙura ce. In soson tace iska ya yage, ko robar da ke tsakaninsa da kafireto ta tsage, ko an cire shi gaba ɗaya wai don inji ya ƙara gudu, to rairayi ne ke shiga kai tsaye yana goge silinda da ringi. Mai ƙafa huɗu ya fi kowa wannan matsala, don cikin ƙura yake aikinsa, a hankali yake tafiya da nauyi, iska ba ta bugun injin sosai ta sanyaya shi. Keken ɗaukar kaya ma haka. Soson nan wankewa ake, a busar, a shafa masa mai kaɗan a matse. Da hunturu sai an yawaita.

Na biyu baƙin mai. Injin nan abin da yake ɗauka wajen lita ɗaya ne kacal, shi ne yake shafawa, shi ne kuma yake taimakawa wajen rage zafi. Man da ake aunawa a kwalba ba ka san asalinsa ba, da ƙara sabo a kan tsoho ba juyewa, su ne ke kai mutum gareji. Na uku lodi fiye da ƙima.

Kafin a rufe inji kuma a wanke cikinsa tas. Akwai 'yar raga ta tace mai a ƙasa. A injin CG akwai wani ɗan gwangwani a gefen karanshaf da ke juyawa yana tara datti, da yawa ba a taɓa buɗe shi ba tun da aka sayi babur. A buɗe a kwashe. In aka bar garin ƙarfen tsohon ciwo a ciki, shi zai zagaya ya ci sabon kayan. Kuma kada a kwance inji a kan ƙasa ana iska. A shimfiɗa buhu ko kwali, a rufe abin da aka wanke.

In kuɗi bai kai ba fa?

Wannan ita ce ainihin tambayar ɗan'uwanmu. Ga yadda zan ba da shawara. Buhu na farko a saye shi duka, ba ciniki. A buhu na biyu a fara da na ƙurya, masu tafiya da wasu in sun mutu: karanshaf, boris, famfon mai, sarkar taimin. In waɗannan sun ci gwaji, alhamdu lillahi, aikin sama kaɗai za a yi, kuɗin ya ragu ƙwarai. Na waje irin su kuloci da kafireto su jira wata kasuwar.

In kuwa na ƙurya ne ya faɗi gwaji kuma ba halin saye, gara a jera kayan a kwali, a shafa musu mai, a rufe, a ajiye har kuɗi ya cika. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya ce a lallaɓa masa a haɗa haka nan, tumaki biyun da yake gudun sayarwa, ƙarshe uku ko huɗu zai sayar, kuma ba a ranar da ya zaɓa ba, ba a farashin da yake so ba.

A nan zan ɗan kare masu gyara. Sau da yawa mu ne muke matsa musu: yi sauri gobe Alhamis zan je Maigatari, lallaɓa mini, ba ni da kuɗi. In abu ya ɓaci kuma mu ce bakanike bai iya ba. To ka zauna a wurin ranar da za a buɗe. Ka ce malam nuna mini abin da ya sa za a sauya wannan, nuna mini abin da ya sa za a mayar da wancan. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ku yi magana a gama kafin a ɗaura noti ɗaya. Tsofaffin kayan da aka cire kuma ka karɓi abinka ka tafi da su, ta haka ka tabbata sababbin ne suka shiga.

Bayan an haɗa

Sabon ringi sai ya saba da silinda. Kilomita 500 na farko a bi shi a hankali: ba lodi mai nauyi, ba murɗe totur har ƙarshe, ba barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci. In tafiya mai nisa ce a riƙa tsayawa yana hucewa. Daga nan a juye baƙin mai, domin na farkon yana fitowa da garin ƙarfe, a sake duba tazarar bawul, a bi notuna. Saboda haka kada ka yi gyaran inji ana gobe za ka tashi doguwar tafiya. Ka yi shi da sauran lokaci, ka zagaya kusa da gida tukuna, in akwai abin da zai nuna ya nuna inda ake da mai gyara.

To ɗan'uwa mai babur mai ƙafa huɗu, amsarka ke nan. Ba dole ne a sauya duka ba, kuma ba duka ake mayarwa ba. Ka koma garejin gobe ka ce a kasa maka kashi uku a gabanka. Ka ja sandar fistin da hannunka, ka ja farce a silinda, ka ce a auna ringi kana gani. Wataƙila tunkiya ɗaya ta isa. In kuma biyun ne, ka sayar ka san abin da ka saya. Kuma don Allah, in kilif ya faɗi a ƙasa an rasa, a jira gobe a sayo wani.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Duk wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, ko bakaniken da ke da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da na faɗa, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya albarkaci garke. Mu kwana lafiya.